Neman shawara: tada injin tsohuwar Honda CG125 a gida, fistin ya kama

Abban_Khadija:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar inji ku taimaka min da shawara. Akwai Honda CG125 ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, irin ta farkon nan mai kwantak da batir 6 volt, ya saye ta sabuwa wajen ƙarshen shekarun 1970 kuma da ita yake zuwa aiki har ya yi ritaya. Ta fi shekara 15 a jingine a sito an lulluɓe ta da buhu, yanzu da aka yi rabon gado na ce ni a bar min ita a cikin kasona, 'yan uwa suka amince.

Ni ba bakanike bane amma ina ɗan taɓa aikin hannu, ni nake gyara janareton gida da injin ban ruwa na gona, kuma ina da sufanu da soket da bais a zaure. So nake in tada injin da hannuna a hankali, ba sauri nake ba.

Inda nake yanzu: kik baya sauka ko kaɗan. Na cire salansa da kafireto, na kwance top na ɗaga, sai na ga fistin ya tsaya ƙasa da tsakiya kuma akwai tsatsa ja a jikin bulo ta ciki, sannan can sama wajen baki in ka sa farce zaka ji wani ɗan tudu zagaye. Baƙin man da na juye kuwa ya yi kauri kamar kwalta. Tambayoyina su ne, yaya zan saki fistin ɗin ba tare da na fasa wani abu ba? In ya saki, ringi kawai zan canza ko sai an kai borin? Kayan China na CG da suka cika kasuwa suna shiga wannan tsohuwar? Sannan dole ne sai na raba injin biyu ko aikin sama ya wadatar? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Sufana:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa aljanna makoma. Yaro ka yi dabara da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka hau kik ɗin nan da ƙarfi, domin da yawa anan suke kashe inji, mutum ya taka da duk nauyinsa haƙorin giyar kik ya karye ko kwanrod, ƙarfen da ya haɗa fistin da kiranshaf, ya lanƙwashe, aikin dubu kaɗan ya koma na dubu da yawa.

Ga yadda zaka yi. Ka goge tsatsar da take sama da fistin da samfefa mai laushi ka share garin tas, sannan ka zuba gas ko man giyar mota na otomatik, wannan jan, a kan fistin ɗin ya kwanta, ka rufe da tsumma ka tafi harkarka. Kullum ka leƙa ka ƙara. Ranar da ka ga man ya ragu to ya fara ratsa ringi ke nan. Sai ka samu guntun katako wanda ya kusa cika faɗin bulo ka ɗora a kan fistin ka rinƙa bugawa da guduma a hankali, katako fa, kar ƙarfe ya taɓa kan fistin. Ka buɗe murfin hagu ka kama notin magneto da soket kana ɗan motsa shi gaba da baya, kaɗan kaɗan, ba murɗawa da ƙarfi ba. In ya ƙi, ka zuba ruwan zafi a jikin bulo ta waje ko ka bar injin a rana ya gasu sannan ka sake gwadawa. Zai saki in sha Allah, ban taɓa ganin CG da ta gagara ba matuƙar mai ita yana da haƙuri.

Maganar ringi kawai kuwa ka cire ta a ranka. Wannan tudun da farcenka yake ji shi ne iyakar inda ringin sama yake kaiwa, ƙasa da shi duk ya cinye, saman ne kawai ya rage a asalin faɗinsa. In ka sa sabon ringi a haka, na farko bulon ya riga ya zama ba zagaye ba don haka ringin ba zai zauna ba, zata rinƙa hayaƙi tana shan mai, na biyu sabon ringi mai kaifin baki zai rinƙa dukan tudun nan har ya karye. Ga kuma ramukan da tsatsa ta ci. Borin ne maganinsa.

Asalin faɗin bulon CG125 milimita 56.5 ne, kuma fistin na oba sayiz yana zuwa 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. Ka kankare baƙin da ke kan tsohon fistin ka duba, in an taɓa yin borin zaka ga lambar a rubuce a kai. Kar ka sayi komai sai ka kai bulon wajen masu borin sun auna sun gaya maka sayiz ɗin da zai share ramukan, ka je ka sayo fistin ɗin, ka kawo musu shi a hannu su yanka bulon daidai da shi. Fistin ake fara saye sannan a yi borin, duk wanda ya ce maka kawo bulo kawai zan yanka 0.50 ka je ka nemi fistin daga baya, ɗauki kayanka ka canza shago. Kuma ka ce su yi maka honin bayan yankan, ka ga zanen nan mai gicciye a ciki, shi ne yake riƙe mai. In ta riga ta kai 1.00 to sai dai a buga sabon siliv a dawo sitanda, a Panteka ta Kaduna da wajen Ƙofar Ruwa a Kano duk akwai masu injin yin wannan.

Raba inji kuma ya danganta da abinda kwanrod ya gaya maka. Bayan ka zare bulo ka juya kiranshaf kwanrod ya zo can sama, ka riƙe shi da yatsu ka ja sama ka danna ƙasa a miƙe. Motsin gefe da gefe ɗan kaɗan dama haka yake, amma sama da ƙasa ko ƙanƙani ka ji to boris ɗin ƙasa ya tafi. Sai dai ni ra'ayina, injin da ya yi shekara 15 a ajiye har ruwa ya shiga ya yi tsatsa, ka raba shi kawai ka huta. Damshin da ya kama fistin ya sauka ƙasa shi ma.

Dan_Fagge:

Oga ni fa gaskiya zan faɗa maka, wannan aikin wahala ne da ɓarnar kuɗi. Ka lissafa borin da fistin da kwanrod da gaskit da boris da kuloci da kuɗin motar zirga zirga, wlh ka kusa kuɗin inji sukutum. Injin CG na China 125 ko 150 yana nan birjik, sabo ko na hannu, mazauninsa kusan ɗaya ne da na Honda, ka ɗaura shi da yamma ɗaya ga CDI, na'urar ba fulogi wuta da ta maye gurbin kwantak, ga 12 volt ga sitata ka daina wahalar kik, fitila kuma ta haska maka hanya sosai ba irin ta 6 volt ba. Tsohon injin ka wanke ka ajiye a sito don tarihi. Ni haka na yi wa wani abokina kuma har yau yana hawa lafiya lau.

Ummaru Zariya:

Dan_Fagge shawararka ta mai neman abin hawa ce, shi kuma bawan Allahn nan babur ɗin mahaifinsa yake so ya ji ƙararsa kamar yadda ya saba ji yana yaro, ba ɗaya bane. Sannan ka manta lambar inji tana cikin takardun babur, in ka canza inji ka buɗe wa kanka wata ƙofar bayani a hanya.

Kuma injin nan ba ƙaramin tunani aka yi a kansa ba. A 1974 Honda ta tura ma'aikatanta suka zaga Tailan da Malesiya da Indonesiya da Filifin da Iran da Pakistan suna kallon yadda talakawa suke amfani da babur, suka tarar ana lafta masa mutum uku huɗu da kaya, ba a juye baƙin mai sai ya zama laka, kuma injinansu masu kamshaf a sama suna cinye top saboda mai baya isa can da kyau. Shi yasa da suka fito da CG a 1975 suka saukar da kam ɗin ƙasa kusa da mai, ƙullutu ɗaya tak yana tura bawul biyu ta hanyar fushrod, babu cen tayimin balle ya saki. Daga 1976 aka fara ƙera ta a Manaus ta Brazil, a Pakistan kuwa har yanzu ana yin ta sabuwa, su kuma 'yan China wannan zanen suka kwafa. To mai asalin a hannu ya jefar ya ɗauki kwafi, ni dai ban ga dalili ba.

Abban Khadija game da tambayarka ta kayan China, eh da yawa suna shiga amma kar ka sayi komai da baki, ka tafi da tsohon a leda a gwada a gabanka. Babban inda mutane suke faɗawa shi ne fin ɗin fistin, akwai mai milimita 15 akwai mai 13, duka kuma a kwalin an rubuta CG125, tsofaffin irin taka mai 15 aka fi sani amma ka auna naka da baniya, ma'aunin kaurin ƙarfe, kar ka dogara da maganata. Ka kuma jera fistin biyun a kan tebur ka zura fin ɗaya ta cikinsu ka ga ko tsayin kansu ya zo ɗaya. Bulon 150 kuma faɗinsa 62 ne, yawanci siliv ɗinsa baya shiga bakin kes ɗin Honda sai an ci kes ɗin, kar ka bari wani ya zuga ka a yanka maka shi, in an ci an ci ke nan.

Abinda zan ce ka kashe kuɗi a kai ba tare da ƙyashi ba: ringi, boris na kiranshaf, oyil sil, da kilif ɗin fin. Gaskit na China mai kauri ba laifi. In kana da wanda yake sayayya a Nnewi ka ba shi saƙo, wani lokacin ana dacewa da tsohon kaya na Japan da bai taɓa fita daga kwali ba, haka ma wajen dattawan masu shagon kayan babur da suka daɗe a kasuwa, ka tambaye su kai tsaye ko akwai ragowar tsohon kaya a ƙasan kanta.

Abban_Khadija:

Alhamdulillah Baba, fistin ya saki! Na bi yadda ka ce da jan mai da katako, da safen nan ina motsa notin magneto sai na ji ya ɗan tafi, na ci gaba a hankali har bulo ya zare. Babu lamba a kan fistin ɗin don haka ina ga sitanda ne ba a taɓa borin ba. Ringi biyu na sama sun manne a cikin raminsu. Kwanrod kuma yana da motsin sama da ƙasa, ana ma jin ɗan ƙas ƙas, to zan raba injin kamar yadda ka ce. Dan_Fagge na gode da shawara amma zuciyata tana kan wannan ɗin. Yanzu abinda yake bani tsoro shi ne cire magneto da kuma wani gwangwani mai sukurori uku da na gani a ɓangaren kuloci, sannan in na raba yaya zan mayar da tayimin daidai?

Baba Mai Sufana:

Madalla, barka. Wannan gwangwanin da ka gani shi ne matatar mai ta injin, kuma shi ne abinda aka fi mantawa da shi a CG, zan iya rantsuwa tunda aka sayi babur ɗin nan ba a buɗe shi sau uku ba. Yana kan kiranshaf yana juyawa da shi, mai yana shiga ciki, juyawar tana watsa datti da garin ƙarfe su manne a bango, mai tsabta ya wuce zuwa boris ɗin kwanrod. In ya cika to dattin wucewa yake kai tsaye, kuma ina kyautata zaton abinda ya ci maka kwanrod ke nan tun kafin a ajiye ta. Ka buɗe zaka tarar da baƙin abu ya daskare sai ka kankare da sukundireba ka wanke da kananzir. Sukurorin nan na Japan ne, sukundireba na kasuwa yana cinye musu kai, ka nemi irin wanda ake bugawa da guduma yana juyawa da kansa. A ciki akwai noti mai tsaga huɗu, yana da soket ɗinsa na musamman mai haƙora huɗu, ba tsada, kar ka sa kurfi da guduma. Washar da ke bayansa an rubuta OUT SIDE a fuska ɗaya, wannan fuskar ita ke kallonka in zaka mayar. Akwai kuma rariya a ƙasa ta hagu bayan babban murfin nan mai sufana 24, da sifirin a ciki, ita ma a wanke.

Magneto kuwa sai da fula, wato ƙarfen zaro shi, wadda ake ɗaurawa a zaren tsakiyarsa, ka ara wajen bakanike ko ka saya. Kar ka buge shi da guduma kar kuma ka sa ƙarfe ta baya ka ɓanɓara, zaka lanƙwasa bakin kiranshaf ko ka fasa kes. Ka kula da ɗan makullin nan mai kamar rabin wata, ka sa shi a leda shi kaɗai.

Kafin ka raba ka samu kwali ka zana siffar kes ɗin, duk kusar da ka cire ka soke ta a mazauninta a jikin zanen domin tsayinsu ba ɗaya ba ne. Ka rinƙa ɗaukar hoto da waya a kowane mataki musamman giyoyi da washoshin da ke tsakaninsu, in ka zaro su ka ɗaure da waya yadda suke. Kiranshaf ɗin kar ka ce zaka yi a gida, matse shi aka yi da injin matsi, ka kai wa masu fires su sa sabon kwanrod da boris da fin, kuma ka tsaya a kansu su ɗora shi a kan ma'auni su daidaita da agogon awo har ya daina rawa. In bai daidaitu ba babur ɗin zai rinƙa kakkarwa yana cin boris.

Tayimin na CG sauƙi gare shi, akwai ɗigo a jikin giyar kam akwai alama a ƙaramar giyar kiranshaf, ka haɗa su su kalli juna shi ke nan. Ka duba ƙullutun kam ɗin da ƙafafun nan biyu da suke hawa kansa a gindin bulo, in sun yi rami a canza. Fushrod ka mirgina su a kan gilashi, mai lanƙwasa zai nuna kansa. Top kuma ka kifa shi ka zuba kananzir ta ƙofar shiga da ta fita, in ya tsattsafo ta bakin bawul sai ka wasa su da garandin fes, ka wanke sosai kar ƙwaya ɗaya ta rage, ka sa sabon sil.

In bulo ya dawo daga borin ka wanke shi da ruwan zafi da omo har farin tsumma ya fito fari, ka shafa mai nan take. Ka sa kowane ringi shi kaɗai a cikin bulo ka tura shi da kan fistin ya miƙe, ka auna tsagar da fila geji, tsakanin milimita 0.15 da 0.35 ake so, in ta matse ka ɗan goga bakin da fayil. Rubutun jikin ringi sama yake kallo, tsagoginsu kuma a rarraba kar su hau layi ɗaya. IN da ke kan fistin ɓangaren kafireto. Ka cusa tsumma a bakin kes kafin ka sa kilif, kuma sabo, tsohon kilif ba a mayar da shi.

Sai abu ɗaya da nake roƙonka, ka yi nesa da gam ɗin gaskit. Mai yana hawa top ne ta wata siririyar hanya a gefen ɗaya daga cikin dogayen kusoshin bulo, da 'yar roba a wajen, yaran yanzu sai su lafta gam ya matso ciki ya toshe hanyar, roka ta bushe, inji sabon haɗi ya lalace a sati. Ka hura hanyar ka tabbatar a buɗe take, ka sa sabuwar roba, gaskit ɗin a bushe ko da ɗan shafin giris. Notocin top a ɗaure su a gicciye kaɗan kaɗan, in da hali ka ari sufana mai awo.

Injiniya_Sadiq:

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, bari in ƙara ta ɓangaren wuta da mai tunda ko inji ya haɗu da kyau in babu waɗannan haka zaka yi ta kik har ka gaji. Tafet, wato tazarar da ke tsakanin roka da kan bawul, milimita 0.08 ne duka biyun, inji a sanyi, alamar T ta magneto tana kan tsagar kes kuma a bugun da roka biyun suke sake. Kwantak in ya buɗe iyakarsa 0.3 zuwa 0.4, kuma ya fara buɗewa daidai lokacin da F ta zo kan alama, ka sa siririyar takarda a bakinsa kana juya magneto a hankali, inda takardar ta saki nan ne. Ka canza kwandensa tunda ta tsufa, fulogi NGK D8EA tsaga 0.6 zuwa 0.7. Ni ban goyi bayan a mayar da ita CDI tun yanzu ba, ka fara tada ta a yadda take, in kwayil ɗin ya mutu sannan a yi wannan maganar.

Tankin mai ka leƙa da tocila, bayan shekara 15 da wuya babu tsatsa, ka zuba tsakuwa ko ƙananan notoci da kananzir ka girgiza sosai ka wanke ka shanya, ka sa 'yar matata a tiyo. Kafireton Keihin na asali kar ka yar, ka jiƙa shi ka hura jet da iska, banda zura waya. Sabbin faifan kuloci a jiƙa su a baƙin mai kafin a sa. Man kuma na babur mai alamar JASO MA, 20W-50 ya dace da zafinmu, kamar lita ɗaya take ci bayan haɗi, wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi.

Baba Mai Sufana:

Haka ne Injiniya. Abban Khadija ranar tayarwa kafin ka sa fulogi ka yi ta kik a banza mai ya zaga. In ta tashi ka bar ta a silo, ka sassauta murfin top ka leƙa, cikin ɗan lokaci ya kamata ka ga mai yana fitowa wajen roka, in baka gani ba kashe ta nan take ka nemi dalili. Hayaƙi kaɗan a farko ba komai, man haɗi ne yake ƙonewa. Kilomita 500 na farko banda goyo banda cika wuta, kuma kar ka bar ta tana silo a tsaye tana zafi, hawa zaka yi kana canza giya. Daga nan ka juye mai ka wanke rariya, ka sake duba notocin top da tafet a sanyi. In ka kai wajen haɗa giya ka turo hoton yadda ka jera su kafin ka rufe kes in duba maka.